Inda Kakata Take Suyar Masa

Jiya ƙawayena suka kai ni sabon gidan abincin Badariya, irin mai reshe a kowane gari. Sai da na ci rabin kazata na gane darbejiyar da ke bayan gilashi. Ƙarƙashinta marigayiya kakata take suyar masa, kafin masu kuɗi su saye unguwar.

Ba ta sallamar mai saye babu gyara. Wata safiya, hayaƙi na cin idona, na ce mata za ta karye. Ta yi dariya. "Ke 'yar boko, wanda kika ƙara wa ɗaya, gobe da gaisuwa zai dawo."

Ƙawayena suka tambayi abin da nake kallo. Na ce ba komai. Na kasa cewa ni jikar mai masa ce.

Allah Ya cika mata mudunta, Ya ƙara mata gyara.