Bi-a-Hankali da Bas Mai Batir

A garejin bas-bas na birni babu mai kiransa da sunan yanka. Bi-a-Hankali kowa ke ce masa, tun daga manaja har mai shara, domin shekara ashirin da bakwai yana jan bas mai lamba tara bai taɓa goge ko madubin wani ba. Abokan aiki kan ce in ka ga ya wuce wata mota, to lalacewa ta yi. Gajere ne kakkaura, sai ya ɗora matashi a kujera yake ganin gaba sosai. Da kunne yake tuƙi kamar yadda yake yi da ido. Kafin makaniki ya buɗe inji, shi ya riga ya faɗa masa inda ciwon yake, kuma da wuya ya kuskure.

Da annoba ta zo aka kulle gari, bas ɗinsa na cikin guda shida da aka bari suna kai ma'aikatan asibiti. Shi da kwandastansa Dogo suka yi wata huɗu suna ratsa tituna fayau, daga su sai karnuka da danja tana canza launi ba mai kallonta. A wata na biyar ciwon ya kama su a mako ɗaya. Dogo bai tashi ba. Bi-a-Hankali ya yi sati uku a kwance, da ya miƙe sai ya ji kunnensa na hagu kamar an cusa masa auduga. Ya jira ya buɗe, bai buɗe ba. A wurin aiki bai gaya wa kowa ba. A gida ma bai faɗa ba, matarsa ce kawai ta lura, ta koma zama ta damansa.

An buɗe gari, amma mutane ba su dawo bas ba. Kowa na tsoron cunkoso da numfashin wani. Mai hali ya sayi tsohuwar mota, mai ƙaramin ƙarfi ya sayi babur, babban titi ya cushe tun daga asibiti har kasuwa, hayaƙi ya tsaya a sama kamar rumfa. Waɗanda ciwon ya bar wa raunin ƙirji suka dinga tari a bakin hanya. Daga nan hukumar birni ta fasa titin. Aka ware wa bas layinsa aka shafa masa jan fenti, aka yi wa masu keke nasu, aka dasa itatuwa 'yan sirara kowanne da sandar da ke riƙe shi. Tashoshi aka mai da su buɗaɗɗu, da famfon wanke hannu a gefe. Yana wucewa kullum yana kallo, abin yana burge shi, amma gabansa na faɗuwa bai san dalili ba.

Dalilin ya same shi a allon sanarwa wata Litinin. Za a ajiye tsofaffin motoci, za a kawo masu batir. Kowane direba sai ya je gwajin lafiya, ya yi horon sati uku, ya ci jarrabawar tuƙi. Wanda bai ci ba za a ba shi wani aikin. Kowa ya san wani aikin nan: kujerar roba a bakin ƙofar gareji, kana ɗaga wa yaran da ka koya wa tuƙi ƙarfe su wuce.

"Kai tsoron me za ka ji?" in ji Guguwa, abokinsa direban lamba sha biyu. "An ce motar ba ta wuce hamsin. Don kai aka ƙera ta. Mu ne muka shiga uku."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shi layi ɗaya kawai yake gani a takardar: ido, jini, kunne.

Kwana goma ya yi abinci ba ya shiga. Da safen da zai je asibitin ma'aikata, matarsa ta ajiye masa shayi ta zauna ta damansa.

"Malam, me ka shirya gaya musu?"

"Me zan gaya musu? An ce gani ya kori ji. Idona garau yake."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa da bakinka ya fi su gano."

"In na faɗa su zaunar da ni fa? Ki gan ni a bakin ƙofa kamar buhu?"

"Gara in gan ka a bakin ƙofa da a ce min ka hau kan ɗan wani."

Ya tashi bai sha shayin ba. Maganar ta bi shi har kan matakala.

Ido ya wuce lafiya, jini ya ɗan hau amma likita ya ce na fargaba ne. Sai wata nas ta shigar da shi ƙaramin ɗaki, ta rufe masa kunnuwa da na'ura, ta ba shi maɓalli, ta ce duk sanda ya ji ƙara ya danna. Dabarar da ya zo da ita daga gida ita ce ya dinga kallon hannunta. Sai ta juya kujerarsa ta fuskanci bango. Na dama ya ji duka. Da aka koma hagu sai shiru, shiru mai tsawo. Ya danna sau ɗaya da ka. Ya sake dannawa. Kunya ta rufe shi, ya cire na'urar ya juyo.

"'Yata, kada in wahalar da ke. Wannan kunnen tun annoba ya tafi."

"Na gani, Baba," ta ce. "Lokacin da ka danna ban ma kunna ba."

Likita bai yi faɗa ba. Ya ce ya ga irinsa da yawa tun bayan ciwon. Ya rubuta masa na'urar ji, ya ba shi takardar izinin tuƙi ta wata shida: in jin kunnen dama bai ragu ba a sabunta, in ya ragu shi ke nan. Ya fito riƙe da takardar, bai san ko murna zai yi ba.

Mai horar da su wata injiniya ce, sa'ar 'yarsa ta biyu, ba ta da yawan magana. Ranar farko ya hau, ya gyara matashinsa, ya danna inda ta nuna masa, ya zauna yana jira.

"Baba, mu je."

"Ai ba ta tashi ba."

"Ta tashi tun ɗazu."

Babu kulochi, babu giya, babu rawar da sitiyari ke yi a tafin hannu. Ƙafarsa ta hagu ta yi ta dukan dandamali tana neman abin da babu. In ya ɗaga ƙafa daga totur motar ta rage gudu da kanta, kamar wani ya riƙe ta ta baya. Allo a gabansa yana ta walƙiya da lambobi, na'urar kunnen kuma tana ƙara masa komai, har ƙarar leda sai ya ji kamar an fasa kwano. Yakan sauko da yamma kansa na sarawa.

Ranar jarrabawa an jera robobi a filin gareji, masu launin kore suna matsayin masu keke. Ya karya kwana ta farko da ta biyu lafiya. A ta uku wani abu ya yi tsiwa a allon, ya sunkuyar da ido don ya ga mene ne, sai ya ji injiniyar ta ce, "Birki!" Kore uku ne a ƙarƙashin taya. Ya sauka ya tsaya a kansu. Direbobi suka zo da zolaya a baki, da suka ga fuskarsa suka haɗiye. Guguwa ya ci a karon farko. Shi aka ce ya dawo bayan mako ɗaya, kuma babu na uku.

Wannan makon bai zauna a gida ba. Kullum da safe sai ya taka hanyar lamba tara da ƙafa, kilomita bakwai, yana tsayawa ya huta inda numfashi ya gaza. An riga an sa sababbin motoci biyu suna gwaji, shi kuma yana tsayawa a bakin titi yana kallonsu kamar mai tafiya a ƙasa. A ƙofar kasuwa ya ga mata da kaya a ka suna tsallakawa ba waige, domin sun saba inji ne ke gaya musu mota na zuwa. A bayan makarantar firamare ya ga inda masu keke ke ɓullowa daga lungu, rumfar tasha ta kare su. Ya ƙirga wurare biyar irin haka, ya rubuta a bayan ambulan.

Ya kai wa injiniyar kafin a fara jarrabawa ta biyu. Ta karanta har ƙarshe, ta ɗauki hotonsa da waya, ta ce za ta tura sama. Sannan ta ce, "Baba, allon nan ba sai ka kalle shi ba. In abu ya yi tsanani motar za ta tsaya da kanta. Kai dai ka duba hanya."

Ya duba hanya. Ya yi tafiyarsa ta kullum, har wani daga cikin masu kallo ya ce a kawo masa tabarma. Bai taɓa roba ko ɗaya ba. An rage masa maki saboda jinkiri, amma ya haye da ƙyar. Da ya sauko sai ya zauna a kan matakalar motar.

Yanzu yana wata na huɗu cikin shida. An matsar da rumfar bayan makaranta, sauran huɗun suna nan yadda suke, bai kuma san ko takardarsa ce ta sa ba. Fasinja sun fara dawowa, ko da yake har yau akwai masu zama kusa da taga da takunkumi a fuska. Babu kwandasta, kati ake dannawa a ƙofa, don haka shi kaɗai ne a gaba, ba mai ce masa baya lafiya. Wani lokaci kunnen dama yakan yi masa ƙugi da rana tsaka. Matarsa ta ce ya je a duba tun kafin ranar sabunta takardar. Ya ce sai mako mai zuwa, mako uku ke nan yana faɗa.

Ran Laraba wata dattijuwa ta hau a tashar asibiti, ta tsaya kusa da shi ta yi magana. Bai ji ba, ya juyo da kunnen dama ya ce ta maimaita. Ta ɗaga murya yadda duk motar ta ji: gidanta a bakin titin nan yake, shekara uku ba ta buɗe taga ba saboda tari, jiya ta buɗe ta wuni a buɗe.

"Madalla, Inna," ya ce. "Ki riƙe ƙarfe, za mu tashi."

Ya jira har ta zauna. Ya dubi madubin dama, ya dubi na hagu, ya sake duban na hagu, ya bar wani mai keke ya wuce, sannan ya rufe ƙofa ya ja.