Tozo a Kofin Gishiri

A shekarar da aka cire tallafin man fetur, wadda kuɗin mota daga Funtuwa zuwa Zariya ya ninka tun damina ba ta kankama ba, na haƙura da cewa ba zan iya kai matata bakin teku ba.

Alkawarin ya tsufa. Muna sabon aure na ɗauke shi, wata rana da take duba wata tsohuwar takardar ajami da na kwafa a makarantar zaure, ta ga an ambaci ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ta ce tana so ta gan shi da idonta kafin ta mutu. Ni kuma da bakin ƙuruciya na ce in Allah ya kai mu kaka zan kai ta Ikko. Kaka ta zo ta wuce fiye da sau talatin. Wata shekarar haihuwa, wata shekarar masara ta faɗi, wata shekarar hanya ba lafiya. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba. Sai dai duk ranar da aka shigo da buhun farko gida takan ce, "Malam, bana ma tekun bai matso ba?" Ta yi dariya, ni ma in yi. Na manyanta, gwiwoyinta sun fara gazawa, kuma na san alkawari kaya ne. Ba na son a sa ni a kabari da shi a wuyana.

Sana'ata awo ce. Tun ina saurayi nake zaune gaban tarin masara da dawa a kasuwar hatsi, tiya a hannu. Ina da taubashi, direban babbar mota da ke kai masara Abuja, kuma shi ya jefa ni cikin wannan wahala. Wata rana bayan La'asar ya nuna mini hoto a wayarsa: wani akwatin gilashi a wani shago can, cike da ruwa, da ƙananan kifaye masu launin da ban taɓa gani a jikin halitta ba.

"Ruwan teku ne wannan," in ji shi. "Haɗa shi suke yi da wani gishiri na musamman. Tunda ka kasa kai baiwar Allah, matsoraci, sai ka kawo mata shi ɗaki."

Da wasa ya faɗa. Ni ne na kasa barin maganar.

Hunturu na gab da ƙarewa ya kawo kayan a gidan gaba na motarsa, naɗe da bargo: akwatin gilashin, da buhun gishirin da wani kofin roba a cikinsa, da farin yashi, da duwatsu masu huji-huji, da ƙaramin famfo mai juya ruwa. Ya kira mai shagon a waya, mutumin yana Turanci, taubashina yana juya mini, ni kuma ina rubutawa da ajami a bayan littafin da nake ajiye addu'o'i. Kofi huɗu ga kowace jarka. Kada a sa ruwan rijiya. Kada famfon ya tsaya. A bar ruwan yana juyawa wata guda babu kifi ko ɗaya, sai ya nuna.

Kowanne daga cikin waɗannan ya zo da tasa gajiyar. Ruwan leda na riƙa saye ina yankawa ɗaya bayan ɗaya ina ɗurawa a jarka, har yatsuna suka yi kanta. Wuta kuwa kowa ya san halinta, don haka sai da na sa aka kafa mini ƙaramar sola da batir a kan rufi, ni da ban taɓa saya wa kaina fanka ba. Na auna gishiri, na dama da sabuwar muciya, na zuba. Sannan na zauna wata guda ina gadin akwatin da babu kome cikinsa sai duwatsu.

Labari ya fita unguwa. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa gaisuwa ba dalili. Wata tsohuwa ta leƙa ta daɗe, ta ce, "Ina kifin?" Da aka ce mata sai wata mai zuwa, kuma ba ma na ci ba ne, ta kama haɓa. A kasuwa abokan zama suka sa ni gaba. "Malam mai dabara," in ji ɗayansu, "ya sa wa kifi gishiri tun yana da rai, ya hutar da uwargida."

Kifayen farko uku ne, shuɗaye, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. A leda suka zo, cikin kula. Matata ta sa aka jawo mata kujera, ta zauna gabansu har aka kira Magariba.

Kwana biyu suka yi suna yawo. A na uku suka laɓe a bayan dutse suna haki. Na dawo daga sallar Asuba ran na biyar na tarar da biyu a kwance kan yashi, na ukun ya bi su kafin Azahar. Na kwashe su da ludayi na binne a gindin zogale. Na kira taubashina, ya kira mai shagon, mai shagon ya ce wataƙila zafi ne, wataƙila wahalar hanya. Ya ce in bar ruwan yadda yake, in ya ragu in cika, za a sake aiko da wasu.

Ruwan kuwa yana raguwa, don bazara ta shigo. Duk kwana uku sai in ga ya sauka da faɗin yatsa biyu. Sai in haɗa sabon ruwan gishiri in cika. Wasu ukun da aka sake kawowa ba su ma kai kwana uku ba.

Wannan karon na gaji ƙwarai. Na yi kwanaki ban kalli akwatin ba, famfon yana ta gurnaninsa a kusurwar ɗaki. Na fara tunanin ko nuni ne ake yi mini cewa wayo nake son yi wa alkawari, in biya teku da tulu. Rayuka shida sun salwanta a hannuna ba don ci ba, ba don sadaka ba. Na yi istigfari, na ce da taubashina ya nemo wanda zai ɗauki kayan. Ya ce, "Wa zai ɗauka? Duk ƙasar Katsina kai kaɗai ne mahaukacin."

Wata safiyar Juma'a, da ba na fita kasuwa da wuri, na ce bari in cika ruwan karo na ƙarshe don kada famfon ya ƙone kafin a samu mai so. Na ɗauko jarka da buhun gishiri na zauna a tsakar gida. Matata tana gefe tana tsince wake. Na cusa kofin cikin buhu, na ɗago shi ya yi tozo, na ɗora wani da tafin hannu har ya fara zubowa, na juye. Haka sau huɗu. Sannan na ɗebi ɗan guntu da hannu na watsa a kai.

"Malam," ta ce, "wannan na ƙarshen fa?"

"Gyara."

"Wa kake yi wa gyara?"

Na kakkaɓe gishirin da ya maƙale a hannuna. Ta leƙa kofin, ta sake tambaya.

"Tun farko haka kake auna shi?"

"To da yaya zan auna? Shekara arba'in ban taɓa shafe bakin tiya ba. Kin san abin da aka tanadar wa masu tauye mudu."

Ta ajiye faifan waken. "Wannan ai ba mai saye ba ne a gabanka. Kofi huɗun da aka ce maka, kai kusan shida kake zubawa. Ni da zan yi maka haka a miya, da tuni ka kai ƙarata gidanmu." Ta nuna jarkar da haɓa. "Kuma wannan da kake ƙarawa kullum, na me ne?"

"Ruwan ne ke raguwa."

"Ruwan ke raguwa ko gishirin? Miya in ta ƙafe a kan wuta, ruwa ake ƙara mata. Ka taɓa ganin gishiri ya bi tururi?"

Na duba littafina. Ga shi nan da hannuna: kofi huɗu. Mai shagon bai ce a shafe ba, don a wurinsa kofi shafaffe ne. Ni ban tambaya ba, don a wurinmu awon da ba tozo sata ne. Abin da na tsare kaina da shi tsawon rayuwata, shi ya kashe bayin Allah nan.

Muka zubar da ruwan gaba ɗaya, muka wanke yashi. Na sake yanka ledoji kwana biyu. Da aka zo awo na cika kofin, na ɗauki wuƙa zan shafe, sai hannuna ya ƙi. Ba wasa nake ba, na ji kamar ana kallona. Ta miƙo hannu ta karɓa, ta bi bakin kofin da bayan wuƙar sau ɗaya, rarar ta koma buhu. "Alhakin a kaina," ta ce.

Muka sake jiran wata guda. Taubashina ya zo da wata 'yar na'urar roba mai allura da ke nuna ƙarfin gishiri, wadda ya ce mai shagon ya manta bai ba mu ba tun farko. Allurar ta tsaya inda ake so. Kifi biyu kawai na yarda a kawo, masu ruwan lemo da fararen zane.

Suka kwana biyar. Suka yi sati biyu. Ban yarda na yi murna ba, kullum da fargaba nake ɗaga labule in na dawo daga masallaci. Ita ce ta karɓi ba su abinci, ita ke cika ruwa da zallan ruwan leda, ta kuma hana jikoki buga gilashin.

Ranar da suka cika kwana arba'in ina sa takalmi zan fita, tana zaune a kujerarta ta ba ni baya. Ba ta juyo ba ta ce, "Malam, zancen Ikko, na sauke maka."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. "Wannan fa ba teku ba ne. Ko cikin randa bai kai ba."

"Na sani. Na ga abin da ya ci maka. Ko gobe mota ta zama kyauta ba inda za ni."

"Har ga Allah?"

"Har ga Allah. Amma kada ka kuskura ka sake taɓa buhun nan."

Na ce na ji. Na ɗan zauna a bakin ƙofa, sannan na sa ɗaya takalmin na tafi kasuwa.