Hannun da Lamyai Ba Ta Miƙawa

Lamyai ta zo asibitin gundumarmu shekara bakwai bayana, da ɗan kwandon shinkafa mai danƙo a jaka, kuma ni na nuna mata inda muke jingine sandunan dogarawa. Na faɗi wannan ne don a san wanda ya riga wani. Ubanta mai lambu ne a Lamphun. Uwarta ta rasu tun tana rarrafe, sai kakarta ta rene ta, wata tsohuwa da aka ce har ta mutu ba ta taɓa yarda an ɗaukar mata bokiti ba. Mu biyu ne masu gashin ƙashi a asibitin, kuma yawancin masu zuwa wurinmu sun haura saba'in.

Ba ni da kyau, ba ni da miji, amma ina da abin taƙama guda: tsofaffin gundumar nan nawa ne. Tsohuwa na shigowa nake haɗa tafi a gaban fuska, in rusuna, in tallabi gwiwar hannunta har bakin gado. Haka aka rene mu, ba ka tsayawa ƙiƙam kana kallon babba yana fama da tashi. Lamyai ma tana gaisuwa yadda ya kamata, amma daga nan sai ta maida hannuwa baya ta tsaya.

"Ui Kham, tashi da kanki, ina nan kusa," ta ce wa wata tsohuwa 'yar tamanin da ɗaya; Ui kaka ke nan a yarenmu.

"Ke dai ba ki da imani," in ji Ui Kham. "Kira min Bupha, ita ta san darajar furfura."

"Pi Bupha na da aiki. Tashi in gaya miki wanda ya yi cigiyarki jiya a haikali."

"Wa? Tsohon nan mara haƙori?"

Ta tashi kuwa, tana zagi. Ni ina can gefe ina jin daɗi, don sunana aka kira; Pi kuwa, wato yaya, haka Lamyai ke ce min.

Sai shugaban asibiti ya ce za a buɗe ɗakin tsofaffi na musamman, kuma wadda ke da takardar ƙwarewa a gashin tsofaffi ita za ta riƙe shi. Shekara guda muka yi muna karatu bayan aiki, sannan muka hau mota ɗaya zuwa Chiang Mai. A jarrabawar rubutu na fi ta maki, ban kuma ɓoye wa kowa ba.

A ta aiki aka kawo min wani dattijo a kan kujera. Abin da ake so mai sauƙi ne: ya tashi, ya taka mita uku, ya juyo ya zauna, ni kuma in riƙe agogo in auna lokacin. Na san ba a taɓa shi, na ma ja layi a ƙarƙashin wannan a littafina. Amma da ya yunƙura ya ɗan yi tangaɗi, sai kawai na ga hannuna a hammatarsa. Ya yi min murmushi ya sa min albarka. Malamar da ke duba mu ta ajiye alƙalami.

"Ƙarfinki kika auna, ba nasa ba," ta ce.

Lamyai ta ci, ni na faɗi. Aka sa takardarta a gilas aka rataye, aka ba ta ɗakin. Na yi kishi, kishi na gaske, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon miya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ta canza ba. Ta ci gaba da kawo min soyayyar ayaba da safe, tana cewa, "Pi, baɗi naki ne, ki dai sa hannu a aljihu." Da ta ɗan yi min girman kai, da na samu abin da zan kama.

Na ta'azantar da kaina da cewa takarda ce kawai ta samu. Tsofaffin ai sun san hannun da ke tallabarsu.

Da damina uwata ta zame a matakalar kicin, ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki. Wata uku ina jinyarta a gida. Ni ke ɗaga ta, ni ke zaunar da ita, ni ke yi mata gashi safe da yamma, kuma ko taku biyar ba ta yi ba. Yayana ya ce a kai ta wurin Lamyai, na ce a bar zancen, 'yarta ma aikinta ke nan. Ran wata Talata ina bakin aiki sai ga shi ya turo ta a keken marasa lafiya, ya wuce ni ko kallo babu.

Na bi su na tsaya a bakin ƙofa. Lamyai ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙe ta maida hannuwa baya.

"Mae, tashi," ta ce, wato mama.

Uwata ta juyo tana nemana da ido. Ƙafata har ta ɗaga, sai Lamyai ta girgiza min kai kaɗan, a ɗakinta, a kan uwata. Na tsaya. Tsohuwa ta yi nishi, ta dafa hannun kujera, ta koma, ta sake. A karo na huɗu ta miƙe, ta kama sandar ƙarfe ta taka har taga, gumi na zuba mata.

"Kai, wannan yarinya muguwa ce," ta ce tana haki, tana dariya.

A hanyar gida uwata sai surutu take, ta ce ranar bikin haikali da ƙafarta za ta kai abincin sadaka. Da muka iso na zagayo zan fito da ita daga mota, sai ta janye hannunta.

"Bupha, jibi ki mai da ni wurin malamar nan," ta ce. "Amma ki jira a waje. In na gan ki, ƙafafuna ba sa tashi."