Wanke Ni Aka Yi, Ba Afuwa Ba

Mataimakin shugaban makarantarmu ya kira ni ɓarawon takardun jarrabawa, a gaban malamai, da rana tsaka. Wannan ce cutar farko. Ta biyun ta fi ta ciwo, ita ce ta sa na ɗauki biro.

Shekara goma sha tara ina masinja a wata sakandare a nan Zuru. Daga aji biyu na bar karatu, don haka Turancina na bayan ambulan ne: sunan ofis, sunan gari, shi ke nan. Ni nake ɗauko takardun jarrabawar gwaji a bayan babur in miƙa wa mataimakin hannu da hannu. Shekarar da tambayoyin lissafi suka bazu a gari kwana biyu kafin a zauna, sai ya ce a yage na kawo masa ambulan. Aka dakatar da ni wata biyar. Na koma gonar dawata a hanyar Mahuta. In na shigo kasuwa, 'yan kabu-kabu su tare ni da, "Masinja, yau wace tambaya za ta fito?" In yi yaƙe in wuce.

Kwamiti ya zo ya bincika. Ashe a ofishin mataimakin aka buɗe ambulan, shi ya bar makullin durowa a hannun wani ƙaninsa mai koyar da yara lesin. Aka rubuto mini takarda da Turanci, layi huɗu. Ranar taron iyaye shugaban ya yi tafiya, sai shi mataimakin ya miƙe, ya ɗaga takardar ya ce hukuma ta yi wa masinja afuwa, Allah ya kiyaye gaba. Aka yi ta tafi. Ni ma, wawa, har da rusunawa. Da aka tashi wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce in riƙe gaskiya daga yau tunda Allah ya rufa mini asiri. A nan na farga. Ai mai laifi ake yi wa afuwa.

Kalma ɗaya ce a takardar ta gagare ni, exonerated. Na kai wa wani Ibo mai shagon littattafai kusa da tasha, wanda ya fi shekara talatin a garin nan. Ya sa tabarau, ya jawo wani ƙaton ƙamus da bangonsa ya cire, ya bi layi da yatsa. Ya ce Turawa suna da kalmarsu daban ta wanda ya yi laifi aka tausaya masa, da wata ta wanda alƙali ya sallama ko da don an rasa shaida ne. Tawa kuwa ta wanda aka bincika aka gano ba shi ya aikata ba ce, kuma asalinta sauke wa mutum kaya daga ka.

"Oga masinja, wanke ka aka yi tas," in ji shi. "Wanda ya ce maka afuwa, ko bai iya Turanci ba, ko ya iya mugunta."

Na ce ai Turancin yake koyarwa. Ya rufe ƙamus ya ce to amsa ta fito.

Ya sa na yi ta maimaita kalmar yana dariya, wai kamar ina tauna tsakuwa. Ban ji haushi ba. Kwana uku ina faɗinta a gona har harshena ya saba.

Matata ta ce in bar maganar, aiki ya dawo, me kuma nake nema. Shugaban makaranta ma da na same shi cewa ya yi in yi haƙuri, da afuwa da wankewa duk ɗaya ne tunda ga ni a bakin aikina. Ba ɗaya ba ne. Wanda aka yi wa afuwa, gobe in alli ya ɓace a aji shi za a fara kallo, kuma 'ya'yansa da sunan za su tashi.

Ran Laraba lokacin tara na shiga ɗakin malamai. Mataimakin yana cin ƙosai a takarda. Na shimfiɗa wasiƙar a gabansa, na ɗora yatsa kan kalmar, na karanta ta da ƙarfi ba tuntuɓe. Ya ce haba masinja, ai magana ta wuce.

Na ce, "Ba ta wuce ba, Malam. Wagga kalma ba afuwa take nufi ba, kuma ka fi ni sani. Ran Asabar akwai taron iyaye. Inda ka tsaya ran nan, nan za ka tsaya ka ce an wanke masinja, bai taɓa ambulan ba. In ka ƙi, ni zan miƙe in faɗa, in kuma faɗi wanda ya ba da makulli. Afuwar kuwa ban so, ka je ka nema wa kanka."