Dalmar Birgi da Kan Tarwada

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni yarinya ce mai goyon fari, a wani ƙauye kusa da Tiga. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da lura. Dangin mijina masunta ne tun kafin ruwan dam ya tashe su daga tsohon garinsu, shi ya sa da aka zo da dabarar zuba tarwada a gonar shinkafa, mijina na cikin waɗanda suka fara. Ya haƙa rami a gefen gonar, kifi ya yi ƙiba har maƙwabta suna tsokanata wai na auri teku.

Surukina, wanda muke kira Baba, shi ke yi wa masunta dalmar da ake ɗaura wa bakin birgi, wato ragar jefawa ta kamun kifi, don ya nutse. Tsofaffin baturan mota yake saya, ya fasa, ya narkar da dalmar ciki a ƙarƙashin wata tsamiya da ke saman gonarmu. Ruwan batirin da tokar a nan yake zubarwa. In an yi ruwan sama, da idona nake ganin yana gangarowa cikin shinkafar. Na ga ciyawar wurin ta ƙone, na ga kwaɗi sun daina kuka ta wannan gefen. Hankalina bai kwanta ba, amma ta yaya zan buɗe baki in ce wa surukina aikinsa na da illa, ni da ko haɗa ido ba ma yi? Na gaya wa mijina a fakaice, ya yi dariya, ya ce da dalma na kisa da Baba bai kai furfura ba.

Da na yaye yarona, kullum kan tarwada da hantarta nake murtsuke masa a romo, don uwar mijina ta ce shi ke buɗe wa yaro kai. Sai ya fara ƙin abinci, yana riƙe ciki yana kuka, tafin hannunsa ya yi fari. Aka ce haƙori ne, aka ce shawara ce. 'Yan kalmomin da ya iya ma suka ɓace. Ga shi ɗan fari, ina jin kunyar a ga na damu, sai in shige ɗaki in yi ta taɓa goshinsa. Ranar da ya yi jijjiga ne na manta da kunya, na fito ba mayafi ina ihu.

A asibiti a Kano aka gwada jininsa. Likita ta tambaye ni ko ana harkar batir a kusa da mu. Baba na tsaye a bakin ƙofa, amma na faɗi komai. Daga baya aka gwada kifin da lakar gonar, aka samu dalma a ciki. Tun ranar dai Baba bai ƙara hura wuta a gindin tsamiyar nan ba, in ya ɗauki jikansa sai ya daɗe rungume da shi.

Yarona ya rayu, alhamdulillahi, amma sa'anninsa suna ta surutu shi har yanzu da hannu yake nuna abin da yake so. Likita ta ce a yi haƙuri, ba ta ce zai dawo daidai ba.

'Yan'uwana mata, kifin nan lafiyayye ne a ido, ba wari, ba ɗaci. Ku bi ruwan gonarku ku ga daga ina yake gangarowa. In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku durƙusa ku faɗa wa babba da ladabi. Ni na yi kunya, ɗana ne ya rasa bakinsa.