Aduwar Da Na Sare A Maƙabartar Ƙauyenmu

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, malamin firamare ne ni a Rano, ga sabon babur, ga baki. An dawo mulkin farar hula, an ƙaddamar da shari'a, kowa so yake a gan shi yana aikin Allah. Ni kuwa a ƙasan zuciyata kujerar kansila nake hange. Shi ya sa na tara samarin ƙauyenmu da ke ɓangaren Kibiya, na ce mu yi gayyar gyaran maƙabarta.

Maƙabartarmu ba ta da allo, ba ta da rubutu. Kowane gida da alamarsa, wani bakin tulu ya kife, wani fasasshen kasko, wani duwatsu uku ya jera. Ni da na duba da idon boko, shara kawai na gani. Tsohon da ke haƙa mana kabari ya biyo ni har gindin babur yana roƙo mu nome ciyawa mu bar sauran, ya ce tsingaron nan su ne littafinsa. Na yi masa dariya a gaban jama'a, na ce camfi ne da bidi'a, alhali ko babi ɗaya ban karanta a kan hukuncin ba. Muka loda komai a amalanke muka juye a kududdufi. Akwai wata tsohuwar aduwa a tsakiya, na ce ƙayarta na hana masu makara wucewa, muka sare ta, muka tone kututturen. Tsofaffin kaburbura dama sun kwanta, sai wurin ya zama fili fetal kamar filin idi. An yaba mini a masallaci. Kansilan kuwa ko zaɓen fid da gwani ban tsallake ba.

Bayan shekara shida na tsiri rubuta tarihin zuri'armu. Mahaifina direba ne, ya gama ƙuruciyarsa yana jigilar Rano zuwa Kano har ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Ya ji labarin gayyar tun a lokacin, ya sa albarka, bai san iya inda gyaran ya kai ba. Da na zauna gabansa da littafi sai ya ba ni labarin mahaifiyarsa, wadda ta rasu yana ɗan shekara bakwai. Ya ce ko fuskarta ba ya tunawa. Abin da ya riƙe kawai, ranar da babansa ya kama hannunsa ya nuna masa wurin, taku bakwai gabas da aduwa, inda aka kife bakin tulu. Ya ce in kai shi ya nuna mini in rubuta, kuma in ta Allah ta kasance, a kwantar da shi a gefenta. Na ɓoye masa abin da na yi.

Na ɗauko mota na kai shi. Ya dogara sanda ya tsaya a tsakiyar filin, ya juya gabas, ya juya yamma, sannan ya tambaye ni ina aduwar. Na ce iska ce ta kayar da ita. Sai wani manomi da ke wucewa, cikin waɗanda muka yi gayyar da su, ya gyara mini zance da fara'arsa, ya ce ai Malam ne da kansa ya fara sa mata gatari. Mahaifina bai dube ni ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa duk mazauna wurin addu'a, ya ce mu tafi. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na shiga nema kamar mahaukaci. Tsohon mai haƙar kabari ya riga mu gidan gaskiya da littafinsa a ka. Na je Madachi wurin wani abokin kakana, na tarar hankalinsa ya gushe. Na je Saji wurin gwaggon mahaifina, ta ce mata ba sa bin gawa, ita dai ta ji ana cewa gindin aduwa. Samarin gayya kuwa kowa ya nuna mini wuri daban. A ƙarshe wani malami ya gaya mini cewa sa dutse don a gane kabari ba laifi ba ne, gini da ƙawa aka hana. Ashe jahilcina na ɗora wa addini.

Mahaifina ya rasu da damina. Muka binne shi a sabon layi, can bakin shinge. Har ya bar duniya bai sake ta da maganar ba, kuma bai ƙara ba ni labari ko ɗaya ba. Littafin yana nan cikin akwati, shafi huɗu kacal.

Ina jan kunnen duk wanda ya ɗan yi karatu, ko ya ji wa'azi biyu kansa ya ɗau zafi: kafin ka kira abin tsofaffi shara, tsaya ka tambayi me yake riƙe da shi. Ni ban tambaya ba. Yau duk sallah sai na je, in tsaya kan kabarin mahaifina, in duba filin nan, na san kakata tana ciki, kuma hannuna ne ya raba uwa da ɗanta.