Takalmin da Na Hana Malam Nomau Cirewa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar Talatar da aka kwance ƙafar Malam Nomau a gabana ba. Cikin watan Maris ne na 1994, ana saura kwanaki kaɗan ƙaramar salla. Lokacin shekarata bakwai a atiliye, wato ɗakin da muke ƙera takalman gyaran ƙafa da sandunan dogarawa a wani asibiti a Maradi. Ni Ishaya, mutumin Tsibiri ne, Kirista ɗan Kirista, kullum safiya a kan ɗan babur ɗina mobilet nake shigowa gari. Na ambaci addinina ne don yana da ruwa a cikin labarin.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. In mai lafiya yana tafiya, diddige ke fara taɓa ƙasa, tafin ƙafa ya biyo baya, yatsu su tura shi gaba, sannan naman ƙwauri ya ɗaga kan ƙafar don kada ta ja ƙasa. Wanda jijiyarsa ta mutu ba ya iya wannan ɗagawar, sai ƙafar ta riƙa reto, yatsu suna sharar hanya. Abin da muke yi masa shi ne takalmin roba mai tauri, ya bi bayan sha-raɓa, ya lanƙwasa a diddige, ya shiga ƙarƙashin tafin ƙafa, ya riƙe ta a miƙe. In kuma jini ba ya gudu sosai a ƙafar, to aikin ya zama na taka-tsantsan, domin ƙujewar da za ta warke wa wani cikin kwana uku, shi sai ta zame masa gyambo.

Malam Nomau manomin rani ne a Jiratawa, dattijo mai kusan shekara sittin, mai albasa da zogale a bakin kanal, wato hanyar ruwan ban-ruwa. Ciwon suga ya daɗe yana cinsa. Ƙafarsa ta hagu sanyi ƙalau ko da rana tsaka, in ka danna farcen sai ya jima bai dawo ja ba, ko tsinke ka soka masa ba ya ji. An riga an cire masa ɗan ƙaramin yatsa. A ƙarshen Janairu na auna shi, na ƙera masa takalmi da guntun robar ƙarshe da ta rage mana, don tun da darajar sefa ta faɗi kayan aiki suka daina zuwa daga waje. Na sa shi ya yi ta kai da kawowa a barandar atiliye, na ga tafiya ta miƙe, na sallame shi ina jin daɗin kaina.

Bayan mako ɗaya sai ga shi ya dawo randebu, wato ranar da na sa masa, takalmin a cikin jaka, babban yatsa ya yi tuntuɓe ya fashe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sha ganin haka, ka yi kwana uku kana wahala a kan takalmi, mutum ya je ya rataye shi a bango. Ni kuwa ina da saurin fushi a lokacin, ku tambayi tsofaffin ma'aikata.

Na ce, "Baba, ado na yi maka? In ka ƙara cire takalmin nan, in ba barci za ka yi ba, kada ka sake zuwa wurina. Ka je kai tsaye a yanke ƙafar, kowa ya huta!"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To likita, na ji. Ba a ƙarawa."

Ranar Talatar da nake faɗa muku, majo, wato shugaban masu jinya, ya aiko a kira ni ɗakin pansama inda ake wanke miki. Na tarar da babban likita tsaye, Malam Nomau a kan gado. Aka warware ƙyalle. A kan idon sawunsa na waje akwai gyambo kamar faɗin bakin kofin shayi, gefensa ya fara baƙi.

Likita ya ce da ni, da irin ladabin Faransanci, "Mushe Ishaya, takalminka ne ya yi wannan. Ranar Alhamis zan yanke daga ƙasan gwiwa."

Ya ce ana yajin aiki, ɗakin tiyata sau ɗaya yake buɗewa a mako, in ruɓar ta hau sama ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. Gaskiyarsa ce. Amma na san abin da yankewa take nufi a shekarar nan: ba mu da abin da za mu ƙera masa ƙafar roba. Manomin da ke bin kunya-kunya yana juya ruwa, in ka raba shi da ƙafa, ka zaunar da shi ke nan har mutuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako uku. In bai fara rufewa ba, ni da kaina zan turo shi ɗakin tiyata."

Ya ce mako uku, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba, kuma in zazzaɓi ya shiga maganar ta tashi.

Na ɗauki takalmin na koma atiliye. Na shafa alli a cikinsa, na sa wa Malam Nomau, na sa shi tafiya, na cire na duba. Ko ɗigon alli babu a wurin gyambon. Na sake, haka dai. Wato a tafiya takalmin ba ya ko taɓa wurin. To me ke cin idon sawun? Na tambaye shi ko yana ɗaure shi da ƙarfi, ya ce a'a. Ko ya faɗi, ya ce a'a. Ko yana cirewa, ya ce, "Haba likita, bayan abin da ka ce?"

Kwana biyu ina juya takalmin nan a hannu kamar mai duba. A rana ta uku na ce zuwa da kai ya fi aike. Motar asibiti ba mai, na ɗauki takalmin na hau mobilet ɗina na nufi Jiratawa. Na same shi a gindin mangwaro yana nuna wa 'ya'yansa inda za su buɗe ruwa. Na sa masa takalmin, na zauna ina kallon yadda yake tashi, yadda yake taka kunya, yadda yake tsallake kwata. Ban ga komai ba. Har na fara cewa na ƙona maina a banza, sai aka kira azahar.

Ya yi alwala, ya wanke ƙafar dama, ya shafa hannu a kan ɗaurin ta hagu. Muka taka zuwa ɗan masallacin bakin gonaki, ya tuɓe takalmin waje da yake sawa a kan nawa a ƙofa, ya shiga da nawa na roba a ƙafarsa. Ni na tsaya daga waje, ta wajen taga. Da suka zo zaman tahiya sai na ga ya shigar da ƙafar hagu ƙarƙashin ta dama, ta kwanta a gefenta, idon sawun na waje a kan siminti, bakin robar nan mai tauri a tsakani, nauyin ƙwaurin dama a bisa. Kai!

Sau biyar a rana, ga nafila, ga azumi ya kama ana asham, kuma ƙafar ba ta jin zafi balle ta gargaɗe shi. An haife ni a cikin Musulmi, kawunnaina Musulmi ne, na ga salla sau dubu nawa, amma ban taɓa kallon abin da ƙafa ke yi a cikinta ba. Mu a makaranta tafiya aka koya mana, tafiya muke aunawa. Kunya ta kama ni, na kuma ji haushin kaina.

Da aka sallame na ce, "Baba, daga yau ba za ka ƙara zama a kan ƙafar nan ba sai ta warke. Miƙe ta za ka yi in za ka yi salla."

Ya ce, "Ni? In miƙe ƙafa a gaban Ubangijina kamar mai jiran tuwo? Likita, aikinka daban, wannan daban."

Na ga in na ja da shi zan sha kaye, don ba hurumina ba ne. Na jira liman ya fito, wani siririn dattijo mai carbi, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ba Musulmi ba ne, ban san hukunci ba. Abin da na sani, in mutumin nan ya ci gaba da zama haka, nan da mako uku ba shi da ƙafa." Na kwance ɗaurin na nuna masa.

Liman ya yi salati, ya juya ya ce, "Nomau, kai da wa kake gasa? Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ka miƙe ƙafarka, sallarka ta yi. In na ƙara ganin ka naɗe ta, ni da kai ne."

Sauran aikin nawa ne. Takalmin roba dai ya tashi daga aiki, wata robar kuma babu. Na je wurin dukawa a kasuwa na sa aka yanka mini fata mai faɗi, aka yi mata shafi da fatar tunkiya mai laushi, ta zagaye ƙasan gwiwa sakwa-sakwa, yadda yatsu biyu za su shiga, don kada ta tare ɗan jinin da ke wucewa. Na yanko robar cikin tayar keke, na ɗaura daga fatar zuwa wata ƙugiya a saman takalminsa na waje. In ya ɗaga ƙafa robar ta ja yatsu sama, in ya taka ta saki, in ya zo ƙofar masallaci ya zare ƙugiya, babu wani abu mai tauri a idon sawu. Ta farko ta yi ƙarfi, ta biyu ta tsinke a gabana, sai a ta huɗu diddige ya fara sauka kafin yatsu. Abokan aiki suna ta yi mini tsiya, wai Ishaya ya koma faci.

Duk bayan kwana biyu, in na tashi aiki, sai in bi ta Jiratawa in wanke gyambon kafin in juya Tsibiri, hanyar da ba ta haɗu ba ko kaɗan. Mako na farko ba abin da ya canza. A na biyu baƙin ya fara zubewa. Ranar da mako uku suka cika, likita ya sa ma'auni, ya danna gefen, ya ga jan nama ya taso. Ya ce, "A ci gaba da pansama." Sai da aka yi wata huɗu kafin gyambon ya rufe, amma da ƙafarsa biyu Malam Nomau ya dasa albasar shekarar.

Ranar da na sallame shi na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na ja maka wannan wahala. Amma don Allah, da ka ga wurin ya fara ja, me ya hana ka cirewa?"

Ya ce, "Na gani tun kwana na uku. Amma kai ka ce in na cire za a yanke. Na ce kai ne masani."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da nake so ku riƙe ke nan. Kafin ku auna ƙafa, ku sa mai ita ya nuna muku yadda yake zama, yadda yake tsugunawa, yadda yake salla, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sannan ku kula da bakinku. Muna yawan kukan mutanenmu ba sa jin magana, amma wanda na kusa raba shi da ƙafarsa, jin maganata ya yi.